Fom ɗin ASIA na Auna Raunin Laka: Abin da Yake Nunawa da Abin da Ya Bar wa Mai Dubawa

Daga cikin kayan aikin da ma'aikacin lafiya ke buƙata idan an kawo masa wanda ya yi haɗari ya kasa motsa hannu ko ƙafa, da wuya a sami wanda ya kai takardar nan ta ASIA, ƙungiyar masana raunin laka ta Amurka, araha, domin kyauta ake sauke ta daga shafin ƙungiyar na intanet, kuma abin da mutum zai kashe bai wuce kuɗin buga falle ɗaya gaba da baya ba. Sunanta na hukuma ISNCSCI, wato ƙa'idojin duniya na tantance raunin laka, amma a bakin likitoci da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi ba a cika jin komai ba sai “fom ɗin ASIA”. Aikinta shi ne ta jagoranci mai dubawa ya gano inda raunin laka ya tsaya, da ko lakar ta daina isar da saƙo gaba ɗaya ko da sauran hanya, sannan ya rubuta abin da ya gani ta yadda wani likita a wani gari zai karanta ya fahimta ba tare da ya buga waya yana neman ƙarin bayani ba. Na daɗe ina aiki da ita, kuma ra'ayina shi ne ta cancanci a ajiye ta a kowane asibitin da ke karɓar waɗanda suka yi haɗari. Sai dai tana da iyaka, kuma babbar iyakarta ita ce ba ta ambata wa mai dubawa nau'in raunin da ke gabansa, alhali lambobin da ya cike da hannunsa suna ɗauke da amsar ga wanda ya iya karanta su.

A rahotonta na 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 250,000 zuwa 500,000 ne ke samun raunin laka kowace shekara a faɗin duniya, mafi yawansu ta dalilin haɗarin hanya da faɗuwa da sara ko harbi. Wanda ke aiki a sashen taimakon gaggawa a ƙasar nan ya san fuskokin da ke bayan waɗannan alƙaluma: ɗan acaɓar da mota ta kaɗe, da maginin da ya rikito daga bene, da yaron da reshen mangwaro ya karye da shi, da mai haƙar yashin da rami ya rufta masa. Sau da yawa a bayan adaidaita sahu ake kawo mutum, wuyansa yana lilo a kowane rami, wani lokaci ma sai an biya ta wurin mai ɗori an ja an murɗa kafin a iso. Shi ya sa rubutun farko yake da nauyi ƙwarai, domin da shi kaɗai za a sani gobe ko maras lafiya yana samun sauƙi ko kuwa raunin yana hawa sama.

Takardar ba sabuwa ba ce. Tushenta ma'aunin da Hans Frankel da abokan aikinsa suka wallafa a 1969 daga asibitin Stoke Mandeville na Ingila, inda Ludwig Guttmann ya buɗe sashen masu raunin laka a 1944, kuma daga wurinsu aka gaji haruffan nan biyar, A zuwa E, da ake bayyana girman raunin da su. Ƙungiyar ASIA, wadda aka kafa a Amurka a 1973, ta fitar da nata ƙa'idojin a 1982, aka yi musu babban gyara a 1992 da amincewar ƙungiyar duniya ta masana raunin laka da a yau ake kira ISCoS, kuma wanda ake aiki da shi yanzu shi ne gyaran 2019. Ina ba da shawarar a riƙa duba ƙasan takardar a ga shekarar da ke jiki, saboda tsofaffin kofe suna nan suna yawo a aljihunan tebura, kuma wasu ƙa'idojinsu sun canza.

Fuskar farko ita ce wurin aiki. A tsakiya akwai zanen jikin mutum da ɗigo-ɗigo, dama da hagu kuma akwatunan cikewa ne, ɓangaren dama na maras lafiya a gefe ɗaya, na hagu a ɗaya gefen. Ana gwada ji a wurare 28 a kowane ɓari, daga ƙeya zuwa gefen dubura, kuma kowane wuri sau biyu: da silin auduga don taɓawa mai sauƙi, da fil mai makulli don tsira. Maki uku ne kawai, wato 0 idan babu ji, 1 idan jin ya canza, da 2 idan daidai yake da yadda mutum ke ji a kumatunsa, domin fuska ce ma'auni. Kowane wuri yana ɗauke da sunan matakin lakar da ke kula da shi, C a wuya, T a ƙirji, L a ƙugu, S a gindin baya, lamba kuma tana ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa, kuma suna da sauƙin riƙewa idan aka saba: babban yatsan hannu C6, na tsakiya C7, ƙarami C8, layin kan nono T4, cibiya T10, idon sawu na ciki L4, gefen dunduniya na waje S1. Abin da na fi yabawa a nan shi ne tsaurin ƙa'idar fil. Bai isa maras lafiya ya ce yana ji ba, sai ya bambance tsini da gindin fil idonsa a rufe, in kuwa ya kasa bambancewa makinsa 0 ne ko da ya ji an taɓa shi, kuma inda ake shakka sai ya ci takwas cikin goma. Wannan ƙa'ida tana da amfani musamman a wurinmu, inda mutum mai kawaici zai amsa “ina ji, likita” don kada ya ba da wahala, ko don zuciyarsa tana so ya zama gaskiya ne. Tambayar da ke fitar da gaskiya ita ce, “Malam, wannan tsini ne ko gindi?”, ana sassauyawa ba bisa tsari ba.

Ƙarfin tsoka kuwa ana auna shi a wurare goma a kowane ɓari, maras lafiya yana kwance rigingine, da maki daga 0 zuwa 5. A hannu akwai lanƙwasa gwiwar hannu a C5, ɗaga tsintsiyar hannu a C6, miƙe gwiwar hannu a C7, lanƙwasa kan yatsan tsakiya a C8, da ware ƙaramin yatsa a T1. A ƙafa akwai ɗago cinya a L2, miƙe gwiwa a L3, ɗago tafin ƙafa sama a L4, ɗago babban yatsa a L5, da taka ƙasa a S1. Jimilla maki 100 ne, 50 na hannaye, 50 na ƙafafu, kuma takardar ta yi hikima da ta raba jimillar gida biyu maimakon ta haɗe su, kamar yadda za a gani nan gaba. Bayan takardar yana ɗauke da ma'anar kowane maki da matakan yanke hukunci, abin da ke hutar da sabon ma'aikaci daga neman littafi da tsakar dare.

Akwai akwatuna biyu ƙanana a ƙasan fuskar farko waɗanda a ganina sun fi duk sauran daraja, kuma su ne aka fi bari babu komai a ciki. Ɗaya yana tambaya ko maras lafiya na iya matse dubura da nufinsa, ɗayan kuma ko yana jin dannawar yatsan mai dubawa a ciki. Dalili shi ne jijiyoyin wannan wuri su ne na can ƙarshen laka, don haka idan saƙo yana isa gare su ko yana fitowa daga gare su, to bai yanke a wurin raunin ba, akwai sauran hanya. A kan wannan aka gina haruffan gaba ɗaya. Harafin A na nufin babu ji babu motsi a wannan yanki, B na nufin akwai ji amma babu motsin da ya wuce matakai uku ƙasa da matakin motsi, wato mataki na ƙarshe a laka da tsokarsa ke da sauran ƙarfi mai kyau, C da D na nufin akwai motsi, ana bambanta su da ko rabin tsokokin da ke ƙasa da raunin sun kai maki 3, E kuwa na wanda komai ya dawo masa daidai. Mutum biyu za su kwanta gado da gado, dukansu ba sa motsa ƙafa, amma ɗaya A ne ɗaya B, kuma abin da za a yi tsammani daga jikinsu ba ɗaya ba ne.

Na san abin da ke sa a tsallake wannan gwaji. Kunya ce, ta maras lafiya da ta mai dubawa, musamman idan dattijo ne a gaban ma'aikacin da bai wuce sa'ar jikansa ba, ko matar aure a ɗakin da ke cike da dangi. Takardar ba ta ce komai a kan wannan ba, kuma ba aikinta ba ne ta ce. Abin da na ga yana aiki shi ne a fitar da jama'a, a ja labule, a samo ma'aikacin da jinsinsu ɗaya da maras lafiya ko aƙalla ya tsaya a wurin, a juya shi da mutane isassu ba tare da gadon baya ya murɗe ba, sannan a yi masa bayani a fili: “Baba, ka yi haƙuri, akwai dubawa ɗaya da ta rage, da ita za mu san ko lakar ta bar hanya, ba za ta ɗauki lokaci ba.” Mafi yawan mutane suna amincewa idan an girmama su an kuma faɗa musu dalili. Fom ɗin da aka cike ko'ina aka bar waɗannan akwatuna biyu bai cika ba, kuma harafin da aka rubuta a kansa zato ne kawai.

Yanzu ga inda na ce takardar ta bar aiki ga mai dubawa. Raunin da bai yanke laka gaba ɗaya ba yakan zo da siffofi sanannu, gwargwadon ɓangaren lakar da ya taɓu, kuma tsofaffin kofe suna da ɗan wurin da ake zaɓar sunan nau'in, amma a na yanzu babu shi. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne raunin tsakiyar laka, wanda likitan tiyata Richard Schneider ya bayyana a 1954. Yakan sami mai shekaru wanda ƙashin wuyansa ya riga ya tsufa ya matse hanyar laka, sai ya faɗi ya daki goshi ko haɓa, kai ya lanƙwashe baya, lakar ta matsu ko da babu karaya. An taɓa kawo mana wani dattijo da ya zame a banɗaki, goshinsa da ɗan ƙulu, 'ya'yansa suna cewa hawan jini ne ya taɓa shi. Ƙafafunsa suna ɗaguwa, hoton ƙashi bai nuna karaya ba, har an fara maganar ya koma gida ya huta. Da na miƙa masa yatsuna biyu na ce, “Baba, matse da ƙarfi,” sai yatsunsa suka ɗan motsa suka tsaya, a hannu biyun duka, kuma ya ce tafukansa suna zugi kamar wuta har ba ya son mayafi ya taɓa su. Da aka cike fom, ƙafafu suna kan 4, tsokokin yatsu suna kan 1, mafitsara kuma ta cika ta ƙi saki. Wanda ya kalli jimillar hannaye kusa da jimillar ƙafafu zai ga ciwon tsaye a gabansa, kuma wasu masu bincike a Turai sun ba da shawarar a ɗauki tazarar maki 10 tsakanin jimillolin biyu a matsayin alama.

Amma a lura da abin da harafi zai ce game da wannan dattijo. Tun da tsokokin ƙafa goma duk sun haura 3, rabin tsokokin da ke ƙasa da raunin sun cika sharaɗi, don haka D zai samu, harafin da ke kusa da lafiya. Wanda ya karanta D kaɗai a takardar turawa zai ɗauka abin da sauƙi, alhali mutumin ba ya iya kai loma bakinsa, ba ya iya riƙe buta ya yi alwala, ba ya iya kama sanda. A irin wannan rauni ƙafafu ne ke fara dawowa, sai mafitsara, sai hannaye, yatsu kuma su ne na ƙarshe kuma sau da yawa ba sa komawa yadda suke. Wannan ne babban ƙorafina a kan ma'aunin: harafin yana amsa tambaya ɗaya da kyau, amma mutane suna ɗora masa tambayoyin da ba nasa ba.

Nau'in da tsarin takardar ya fi fitarwa sarai shi ne raunin rabin laka, mai ɗauke da sunan Charles-Édouard Brown-Séquard, likitan da aka haifa a tsibirin Morishiyos wanda ya bayyana shi a tsakiyar ƙarni na 19. Galibi wuƙa ce ko harsashi ke jawo shi, don haka a garuruwan da ake fama da faɗan daba ba baƙo ba ne. Jijiyoyin motsi da na sanin inda gaɓa take suna tsallakawa ɗaya ɓarin ne tun can sama a gindin ƙwaƙwalwa, su kuwa na zafi da tsira suna tsallakawa a cikin lakar kanta, mataki ɗaya ko biyu daga inda suka shiga. Sakamakon haka, ƙafar da ke ɓangaren raunin ita ce ke rasa ƙarfi, ɗaya ƙafar mai ƙarfi kuma ita ce ba ta jin fil. A kan fom, makin tsoka zai faɗi a gefe ɗaya na zanen, makin fil ya faɗi a ɗaya gefen, kuma saboda an jera dama da hagu suna kallon juna, ido yana kama wannan saɓani nan take. Ba kasafai yake zuwa tsantsa kamar na littafi ba, amma masu shi suna cikin waɗanda suka fi samun komawa tafiya. Gargaɗi ɗaya ya wajaba a yi wa masu jinya tun ranar farko, wato kada a yi gashi da ruwan zafi a ƙafar da ake gani lafiyayya, domin ita ce za ta ƙone mai ita bai sani ba.

Raunin gaban laka ya fi muni kuma ya fi ruɗarwa. Yakan biyo bayan lanƙwashewar wuya gaba da ƙarfi, ko ɓallin ƙashi ya danno ciki, ko jijiyar jinin da ke ciyar da gaban laka ta toshe. Motsi yana tafiya, jin zafi da tsira suna tafiya, amma jin taɓawa da sanin inda gaɓa take suna nan. Maras lafiya zai ce yana jin hannun da aka ɗora a ƙafarsa, dangi su yi hamdala, sai fil ya nuna 0 daga sama har ƙasa. A nan ne hikimar raba layin auduga da layin fil take bayyana, domin da an haɗe su da ba za a ga komai ba. Akasin haka ma yana da muhimmanci: mai harafin B da ke bambance tsinin fil a ƙasa da raunin ya fi wanda ke jin auduga kawai damar samun motsi daga baya. Raunin bayan laka kuwa ba ya da yawa, kuma fom ɗin zai iya wuce shi, saboda gwajin sanin inda gaɓa take ba ya cikin na dole. Ni dai nakan motsa babban yatsan ƙafa sama da ƙasa in tambaya, in rubuta amsar a akwatin ƙarin bayani.

A babban mutum laka tana ƙarewa ne wajen ƙashin baya na L1 zuwa L2, daga nan sai damin jijiyoyin da likitoci ke kira wutsiyar doki. Wanda ya faɗo daga sama ya dira da ƙafa ko da mazaunai yakan karye a wannan mahaɗa, kuma yana iya zuwa ƙafafunsa da ƙarfi daidai gwargwado, amma matse-matsinsa ya mutu, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba. Fom ɗin yana kama wannan idan an yi haƙuri an kai layukan ƙarshe, sai dai ba shi da wurin rubuta zaburar gwiwa da ta agara idan an buga, kuma ita ce ke taimakawa wajen bambance raunin ƙarshen laka da na wutsiyar doki, wanda yakan fi tsanani a ƙafa ɗaya, ya zo da ciwo mai harbawa, kuma jijiyoyinsa suna da damar farfaɗowa fiye da laka idan an ɗauke abin da ya danne su da wuri.

Wajibi ne a faɗa a fili cewa wannan takarda ba ta farkon minti ba ce. Hanyar iska da numfashi da jini suna gabanta, haka ma tsare wuya. Jijiyoyin da ke motsa tantanin numfashi suna fitowa daga C3 zuwa C5, don haka mai raunin wuya da ke numfashi da ciki kaɗai, muryarsa tana raguwa, yana buƙatar a sa masa ido fiye da a cike masa akwatuna. Raunin da ke T6 ko sama yana iya saukar da jini tare da rage bugun zuciya, fata kuma da ɗumi, saɓanin mai zubar jini wanda zuciyarsa ke gudu jikinsa ya yi sanyi, amma duk da haka sai an tabbatar babu zubar jini a ciki kafin a ɗora laifin a kan laka, tun da wanda ba ya ji ba zai yi kukan ciwon ciki ba. Duk wannan babu shi a fom ɗin, takarda daban aka yi masa. Haka kuma a kwanakin farko laka takan yi suma, komai na ƙasa da raunin ya saki, shi ya sa gwajin da aka yi bayan awa 72 ya fi na daren farko nuna abin da ke tafe. Ban yarda a kira iyali a ce musu ɗansu ba zai ƙara tafiya ba bisa fom ɗin da aka cike yana cikin raɗaɗi da firgici.

Sauran matsalolinsa na yau da kullum ne. Cikakken gwaji yana cin rabin awa ko fiye, akwatuna 134 ne, kuma a daren da aka kawo mota guda ta masu haɗari babu mai wannan lokacin. ASIA ta fitar da gajeren salo don irin wannan hali, amma ba ya maye gurbin cikakken. Gwajin yana buƙatar mutum mai hayyaci, saboda haka wanda ya bugu a ka, ko yake cikin maye, ko yaro ɗan ƙasa da shekara shida, ba za a dogara da makinsu ba. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, idan aka yi kofe daga kofe ɗigon zanen yakan ɓace, gara a riƙa bugawa daga asali. Kaushi da faso a dunduniyar manomi suna iya rage jin auduga a S1 ba tare da laka ta taɓu ba. A nan gyaran 2019 ya yi mana rana, domin ya ba da damar a sa alamar tauraro a jikin duk makin da wani dalili daban ya rage, a kuma yi bayaninsa. A ƙasar da manya da yawa ke ɗauke da ƙafar da shan inna ta shanye tun yarinta, ga masu ciwon suga da ƙafafunsu suka daina ji, wannan ɗan tauraro yana hana a lissafa tsohon ciwo a cikin sabon rauni.

Akwai abokin tafiyar takardar a intanet, wato manhajar lissafi da cibiyar Praxis ta Kanada ta samar, cibiyar da a da take ɗauke da sunan Rick Hansen, mai raunin lakar nan da ya zagaya duniya a keken guragu daga 1985 zuwa 1987. Ita ma kyauta ce. Ana shigar da makin, ta fitar da matakin ji da na motsi a kowane ɓari da harafin da ya dace. Amfaninta a bayyane yake, domin kuskure a wannan aiki ya fi yawa wajen yanke hukunci, musamman tsakanin B da C, da kuma a yankin ƙirji inda babu tsokar gwadawa sai matakin motsi ya bi na ji. Na fi son a fara yanke hukunci da hannu sannan a gwada da manhajar, saboda inda aka saɓa nan ne darasi yake. Cika ta a ƙaramar waya yana da wahala, tana buƙatar intanet mai tsayawa, ba ta da hanyar gane cewa an ba da 2 inda ya kamata a ba da 0, kuma ita ma ba za ta ce wannan raunin tsakiyar laka ne ko na rabinta ba. Don koyon gwajin kansa akwai kwas ɗin InSTeP na ASIA, da dandalin elearnSCI na ISCoS wanda kyauta ne, amma kama tsintsiyar hannu daidai, da hana maras lafiya yin amfani da wata tsoka a madadin wadda ake gwadawa, sai a gefen gado tare da wanda ya iya.

Shawarata ga babban asibiti da ƙaramin asibitin da ke bakin babbar hanya ɗaya ce: a buga fom ɗin da yawa, a ajiye shi tare da fil sababbi da auduga da safar hannu, fil ɗaya ga mutum ɗaya, a cike shi da zarar maras lafiya ya daidaita, a maimaita bayan awa 72 da kuma duk lokacin da aka ga canji, kuma a maƙala kofe a jikin takardar turawa. A akwatin ƙarin bayani a rubuta nau'in raunin da ake zato da kalmomi, da halin zaburar gwiwa da agara, da halin mafitsara. A saman takardar akwai wurin sunan maras lafiya da na mai dubawa da ranar gwaji da lokacinsa, amma babu wurin rubuta lokacin da haɗarin ya faru. Binciken da Michael Fehlings ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna cewa masu raunin lakar wuya da aka yi wa tiyatar sassauta matsi cikin awa 24 sun fi samun ci gaba a kan waɗanda aka jinkirta, don haka likitan tiyatar da za a tura wa zai fara tambayar ƙarfe nawa abin ya faru. Sai a tambayi wanda ya kawo shi tun bai tafi ba, a rubuta lokacin da biro a saman fom ɗin.